Amsa ga ƙanenmu na Daura: wane ril da wace igiya suka dace da sandar fulai lamba 3?

Wani ƙanenmu daga Daura ya turo tambaya, yace yayanshi ya kawo mashi sandar kamun kifi daga Ingila, irin ta fulai, wato wadda ake kamun kifi da ita da ƙwaron da aka haɗa da gashin tsuntsu, an rubuta 7'6" #3 a jikinta kusa da mariƙi, amma ba ril (abin naɗa igiya) ba igiya, kuma shina son ya gwada ta a dam ɗin Daberam ko Sabke. Ya ga ril a kasuwa irin wanda ake naɗa ma nailan, shine yake tambaya ko ya siya ya ɗaura, in kuma bai yi ba mi zai nema.

Wa alaikumus salam ƙanena. Wancan ril ɗin na kasuwa barshi inda ka ganshi, ba na sandarka bane, ko ka ɗaura shi ba zai jefu ba. A fatsar da muka sani, ko sandar nan mai ril ɗin juyi, nauyin dalma ko na koto ne ke jan zare in kayi jifa. A fulai babu dalma, ƙwaron da kake jefawa gashin tsuntsu ne da zare aka ɗaure a jikin 'yar ƙugiya, ko giram ɗaya bai kai ba, in ka ɗaura shi a nailan ka wurga gaban ƙafarka zai faɗi. Igiyar ce ke da nauyin, ita kake jefawa, ƙwaro bin ta kawai yake, kaman yanda bulala ke kai tsininta inda ka nufa. To tunda igiya ce ke aikin, kuɗinka ita zaka kai mawa, ril ya samu abinda ya rage. Mafi yawan masu farawa akasin haka suke, su siya ril mai sheƙi da tsada sannan su naɗa mashi igiyar banza, daga baya suce sandar ce ba kyau.

Wancan #3 ɗin da ka gani ba lambar sanda bace a karan kanta, lambar igiyar da aka ƙera sandar domin ta ne. Da can igiyoyin na siliki ne ana bambanta su da kauri, da aka fara yinsu da nailan da dakaron sai ya zama kauri ɗaya nauyi daban, shine masu ƙera kayan kamun kifi a Amurka suka koma ma nauyi a farkon shekarun 1960, kuma har yau shi ake bi. Ana auna ƙafa 30 na farkon igiya, wajen mita 9 kenan. Lamba 1 giram 3.9, lamba 2 giram 5.2, lamba 3 giram 6.5, lamba 4 giram 7.8, lamba 5 giram 9.1. Daga 3 zuwa ƙasa su ake kira marasa nauyi sosai. Kaga tsakanin lamba da lamba giram ɗaya ne da 'yan kai, amma a hannu bambancin ba kaɗan bane, in igiya tayi ma sanda rashin nauyi sandar ba zata lanƙwasa ba, zaka yi ta kaɗa hannu kafaɗa ta gaji igiya ta zube maka a ka. Tsawon kuma ƙafa 7 da inci 6 ne, wajen mita 2.3, gajera ce a cikin sandunan fulai, an yi ta ne don jifa na kusa, mita 6 zuwa 12, ba don ka kai tsakiyar dam ba.

A jikin kwalin igiya zaka ga rubutu irin WF3F ko DT3F. Lambar tsakiya ka riga ka gane ta. F ɗin ƙarshe na nufin mai yawo a saman ruwa, kuma ita zaka siya, kada ma ka kalli mai nutsewa yanzu, bakin ruwanmu cike yake da kacala da bado da kututturan itace da tsofaffin zaren kalli, igiya mai nutsewa a nan asara ce, in kana son ƙwaro ya sauka ƙasa ka ƙara tsawon lida, wato farin zaren dake tsakanin igiya da ƙwaro, ka sa ƙwaro mai ɗan nauyi a kai, ya isa.

Haruffan farko kuma siffar igiyar ce. WF an tara nauyinta a gaba, wajen ƙafa 30 zuwa 40 na farko, sauran siririya ce mai zamewa cikin zobban sanda. DT kuma kaurinta ɗaya a tsakiya, ta sirance a duka bakunan biyu. Mutane na yawan gardama a kansu amma gaskiyar magana in jifanka bai wuce mita 9 ko 10 ba kusan abu ɗaya ne a hannu, sai ka wuce nan WF ke nuna kanta. DT nada wata riba da ta dace da aljihunmu: in baki ɗaya ya tsufa ya tsattsage sai ka juya ta ka kama ɗayan, wasu ma raba ta biyu suke tun tana sabuwa, tunda igiya kan kai ƙafa 80 zuwa 90, kowane rabi ya ba ka wajen mita 13, ka naɗa ɗaya ka ɓoye ɗaya a inuwa. Ga wanda zai riƙa bin ƙorama da ƙananan tafkuna wannan dabara ce mai kyau. Amma kai ka ce dam, kuma dam fili ne, iska ba ta da abinda zai tare ta, ballantana daga Disamba zuwa Fabrairu da iskar hunturu ke tasowa tun hantsi. Saboda haka ni WF zan ce maka, kuma wadda ta ɗan ɗara nauyin lamba 3 na asali. Akwai waɗanda kamfani da kanshi ke faɗi cewa rabin lamba suka ƙara, irin MPX ta Scientific Anglers. In baka samu irinta ba WF4F ma ba laifi, ba zata karya maka sanda ba, mai koyo ma ya fi jin lanƙwasar sanda da ita, don a jifan kusa ba duka ƙafa 30 ɗin ke waje ba, nauyin da sandar ke ji bai kai abinda aka rubuta ba. Lamba ɗaya dai nace, kada kaje ka ɗora mata 6.

Yanzu ga abinda ba zaka cika jinshi a bidiyoyin Turawa ba, wato zafi. Yawancin igiyoyin lamba 3 an yi su ne don kifin ruwan sanyi na ƙasashensu, robar da aka lulluɓe su da ita da zaren cikinsu an tsara su kada su sandare a cikin sanyi. Kawo ta nan a watan Afrilu rana ta kai digiri 40, sai tayi laushi tayi danƙo, ta riƙa manne ma zobba, ta ƙi zamewa, ta riƙa ƙulla kanta a ƙasa. Akwai igiyoyi na ƙasashen zafi masu taurin ciki, matsalar dai mafi yawansu daga lamba 5 ko 6 zuwa sama ake yinsu saboda kifin teku, samun lamba 3 ko 4 sai an tona. Abinda zaka nema shine wadda aka ce ta ruwan ɗumi ce, irin wadda Amurkawa ke kama ƙananan kifayen tafki da ita a bazararsu, ko wadda aka rubuta tana ɗaukar yanayi kowane iri. Kamfanin Airflo su ba da robar PVC da aka saba suke yin nasu ba, da wata roba ce daban da ake kira foliyuritan, kuma maganin sauro da rana basu cika cinta da sauri ba. In duk baka samu ba ka siya ta ruwan sanyin ka riƙa fita da asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, dama lokacin kifi ke ci, tsakar rana ta bazara ko masunta inuwa suke nema. Ita kuma ta ƙasashen zafin nata aibin da sanyin safiya yake fitowa, a Janairu zaka warware ta ka ganta a nannaɗe ta ƙi miƙewa, sai ka kama ta gaba-gaba kana ja da hannu biyu har ta saki.

Maganar kuɗi, igiyoyin manyan kamfanoni irin su Rio da Scientific Anglers da Cortland na farawa daga wajen dala 40 ko 50 har su haura 100, na China irin Maxcatch kuma basu kai rabin haka ba. Ba zan ce maka na China basu aiki ba, suna yi, mutum ya koyi jifa da su lafiya lau, illarsu dai basu daɗewa kuma wani lokaci nauyin da aka rubuta ba shi ke ciki ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Samu ɗan sikelin nan na masu gwal, ka auna ƙafa 30 daga bakin igiya, ka bar ɗan siririn tsinin nan na farko, ka naɗe ka ɗora a kai sauran igiyar na ajiye a gefe ba ta ja. Lamba 3 ta gaskiya zata ba ka tsakanin giram 6.1 da 6.9, wadda aka ƙara ma rabin lamba kuma zata ɗan ɗara haka. In ka ga 5 da wani abu to lamba 2 aka saida maka. Launi kuma kada ya dame ka, kifi lida yake gani kusa da ƙwaro, zaɓi wanda idonka zai gani a kan ruwa, in ka samu ruwan zaitun ko ruwan ƙasa mai haske ya fi mani lemu mai ƙyalli lokacin rani da ruwa ke kwantawa yayi garau.

To ril. A sanda lamba 3 aikinshi ya riƙe igiya ne kawai, kuma ya hana ta warwarewa da kanta in ka fizga. Karfasa ko kawara da zaka kama da hannun hagu zaka jawo su kana tara igiya a ƙasa, da yawa ma har ka tashi ril bai juya ba sai lokacin naɗewa. Don haka abu na farko da zaka duba nauyi ne. Sandarka duka-duka ba zata wuce giram 60 zuwa 80 ba, ka nemi ril da aka rubuta ma 2/3 ko 3/4, faɗinshi wajen santimita 7, nauyinshi tsakanin giram 70 da 110. In ka naɗa igiya ka zura ta cikin zobba, ɗora sandar a kan yatsa ɗaya wajen bakin mariƙi na gaba, in ta tsaya ko ta ɗan rinjaya gaba kaɗan yayi, in gindi ya faɗi ƙasa ril yayi nauyi, kuma zaka ji shi a wuyan hannu kafin azahar. In ka yanke shawarar WF4F ko cikakkiyar DT to ɗauki 3/4, don sun fi cin wuri.

Birkin ril, wato abinda ke hana igiya warwarewa da kanta, iri biyu ne. Akwai na gargajiya mai ɗan haƙori da sifirin, wanda ke ƙara ƙar-ƙar in ana jan igiya, akwai kuma mai faifai da ake ɗaurewa da maɓalli. Masu talla zasu nuna maka mai faifai suce zai tsaida babban kifi, to wane babban kifi a sanda lamba 3? Ni na farkon nake zaɓa ma wannan yankin, saboda ƙura da yashi. Mai faifai in ba rufaffe bane ruf, kuma masu arha ba rufaffu bane, ƙurar hunturu na shiga ta haɗu da giris, sai birki ya riƙa kamawa yana saki, kuma wannan fizgar ita ke tsinka siririn zare. Mai haƙori kuwa ka cire ganga, wato ɓangaren da igiya ke naɗuwa a kai, ka wanke ka goge ka ɗiga mashi man keken ɗinki, shikenan ya dawo sabo, in kifi ya ja da ƙarfi ka dafa gefen gangar da tafin hannu. Redington Zero da Orvis Battenkill duk irin wannan ne kuma basu da nauyi, amma ba dole sai su ba, duk wanda ya cika sharuɗɗan nan yayi.

Abu biyu zaka duba in ya iso hannunka. Na ɗaya ratar dake tsakanin ganga da firam, in zare mai kaurin milimita 0.20 na iya shigewa ta nan to zai riƙa shigewa kullum ya maƙale a ciki, wannan ciwon masu arha ne. Na biyu yanda aka yi shi: akwai wanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyom, akwai na zubi, akwai na roba. Na zubi in ya faɗi a kan dutse ko kankaren dam yana iya tsagewa ko ya lotse ya daina juyawa daidai, sassaƙaƙƙe ya fi jure wahala amma ya fi tsada. Na roba ba abin kunya bane ga mai farawa in dai ba za a barshi a rana ba. Mai faɗin cibiya ya fi, don igiya ba ta nannaɗewa sosai a kanshi kuma ya fi saurin kwasa. Yawancinsu ana iya juya su hannun hagu ko dama, in da dama kake jifa ka saita naɗi a hagu tun kafin ka sa zare, in ba haka ba sai ka warware komi.

Kafin igiya ana fara naɗa zaren ciko a ganga, na dakaron mai ƙarfin fam 20, mita 45 ya isa har yayi yawa, ba don kifi zai ja ka har can ba, don ya cika gangar ne igiya ta hau sama. Kada ka cika da nailan ɗin kasuwa, yana miƙewa ya matse ganga kuma yana nutsewa cikin kanshi. In baka san yawan da zai shiga ba, fara naɗa igiyar, ka bi da ciko har ya rage wajen milimita 4 zuwa baki, ka yanke, ka warware duka ka sake naɗawa a daidai. Aiki ne amma sau ɗaya ake yinshi. Kuma ka kula da WF, dogon siririn ɓangaren shi ke haɗuwa da ciko, mai kaurin shi ke gaba, galibi akwai 'yar takarda a manne a bakin da zai shiga ril, kada ka cire ta sai ka ɗaure. Wanda ya juya ta zai rantse igiyar jabu ce.

Lida shine farin zaren dake tsakanin igiya da ƙwaro, mai kauri daga sama ya sirance zuwa ƙasa. Na kanti zaka ga an rubuta ƙafa 7.5 ko 9, da lamba irin 3X ko 4X ko 5X, wato kaurin tsininshi: 3X wajen milimita 0.20, 4X wajen 0.18, 5X wajen 0.15. Ga sandarka ƙafa 7.5 mai 4X ya isa, ya fi sauƙin miƙewa a iska. Nan ne kuma kasuwarmu zata yi maka rana, don lida na cinyewa kullum kuma ba zaka riƙa jiran saƙo daga waje ba. Je wajen masu saida kayan su ka nemi nailan mai kauri daban-daban, yanda nake haɗa nawa: 0.45 santimita 70, 0.40 santimita 45, 0.35 santimita 30, 0.30 da 0.25 kowane santimita 20, sai 0.20 santimita 45 a ƙarshe, ka ƙulla su baki da baki ka jiƙa ƙullin da yawu kafin ka ja. Amma ka gwada zaren da hannu kafin ka biya, wanda ya daɗe a rataye a rumfa rana na dukanshi ya riga ya mutu, ja ɗaya yake tsinkewa.

Ƙwarin da wannan haɗin zai iya ɗauka ƙanana ne, ƙugiya lamba 10 zuwa 16. Ba sai ka siya ba ma, gashin zabo na cikin abinda masu ɗaura ƙwari a Turai ke siya da kuɗi, mu kuma ga shi nan a bola, da shi da guntun soson silifas da zaren ɗinki zaka yi fara da tururuwa da shinge. In ruwan farko ya sauka shinge ya fito ka je bakin ruwa da yamma ka gani da idonka yanda kawara ke dukan sama, ranar zaka san dalilin da yasa aka yi sandar nan. Karfasa ta fi wuyar sha'ani, babbar ta fi son gansakuka da ciyayi, sai ka sa mata ƙaramin ƙwaro mai nutsewa a hankali kusa da ciyawa ka yi haƙuri. Tarwaɗa kuwa in babba ta ɗauka, kada ka ɗaga sanda sama kace zaka yi kokawa da ita, miƙar da sandar ta kalli kifin ka riƙe igiya, in zaren 0.20 ya tsinke ya tsinke, naira nawa ne, tsinin sanda in ya karye sai an koma Ingila.

Kula da igiya a nan ya fi ko'ina muhimmanci. Kada ka barta a but ko gaban gilashin mota, kada fetur ya taɓa ta, maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET shima yana cin robar, ka wanke hannu kafin ka kama. Duk bayan 'yan fita ka warware ta a roba da ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi ka goge da tsumma mai laushi, ƙura ce ke sa ta fara nutsewa da ƙin zamewa. Kada ka koyi jifa a kan kwalta ko tsakuwa ko filin ƙwallo na yashi, rana ɗaya zata kankare ta, nemi ciyawa ko ka je kan ruwa. A bakin dam kuma ƙarangiya da ƙaya zasu riƙa kama igiyar da ka tara a ƙasa, ka tafi da 'yar robar wanki ka ajiye gabanka ka riƙa zuba ta ciki, za a yi maka dariya amma igiyarka zata shekara.

Sai ka tuna igiyar nan bayanka take zuwa kwatankwacin yanda take zuwa gaba, kuma yara zasu taru kallo tabbas, ka matsar da su gefe, ka sa tabarau, ka danne ƙayar ƙugiya da filaya don in ta shiga kunne ko wuya ta fita da sauƙi. Irin wannan sanda galibi ta kabon ce, tana ɗaukar wuta, ka nisanci wayar lantarki kuma in hadari ya fara walƙiya ka naɗe. Ba sai ka shiga ruwa ba, tsargiya ba wasa bace a ruwan da ke kwance. Kafin ka fara kuma ka je ka gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin ka faɗa masu abinda ya kawo ka, su zasu nuna maka inda suka shimfiɗa kalli da mamari don kada ka maƙale masu, kuma sun fi kowa sanin gefen da kawara ke tasowa. In wata rana ka shigo Katsina kana son gwada Ajiwa ka nemi izinin masu gadi tunda ruwan sha ne na gari, Zobe da Jibiya kuma a tambayi lafiyar hanya tukun.

In zaka ba yayan naka sautu, kace ya haɗo maka da lida na kanti guda biyu ko uku da ƙaramin naɗin 4X, don ka ga yanda na asali yake kafin ka fara ƙulla naka. Igiyar kuma in ta iso ka ɗora ta a sikeli ka turo mani giram nawa ta ba ka da sunan sandar, sai in faɗa maka ko zata zauna a haka ko sai an rage tsawon lida.